Ɗan Siriri, Layin Gidan Gurza, Ya Kwanta Dama

Da zuciya cike maƙil da baƙin ciki, da gwiwoyi biyu da suka daina jin magana, Malam Maitama Mai-canjin-layi na bayan tashar jirgin ƙasa ta Funtuwa yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na nan gida da na Mahuta, Ɗanja, Ƙafur har Malumfashi, rasuwar abokin aikinsa kuma maƙwabcinsa Ɗan Siriri, ƙaramin layin dogon nan da ya tashi daga rumbun kaya na tasha ya miƙe zuwa gidan gurzar auduga. Rai ya yi halinsa ranar Talata da la'asar, bayan doguwar jinya, amma ba a ankara ba sai da safiyar Laraba, ta hanyar da za a ji a gaba.

Wanda aka yi wa wannan rashi tare da shi shi ne Malam Ɗanasabe, tsohon mai tsaron ƙofar gidan gurza, wanda ke zaune can ɗaya ƙarshen layin. Ana roƙon jama'a kada su ɗauki zuwan sunansa na biyu a matsayin shaidar cewa shi ne ƙarami. Wannan magana ce da aka fi shekara sittin ana ja, kuma ba a takardar ta'aziyya za a yanke ta ba.

An haifi marigayin tun zamanin Turawa, lokacin da auduga take auduga, manomi ya yi aure da kaka ya kuma hau sabon keke. Mahaifinsa shi ne babban layin da ya taho daga Zariya ya nufi Gusau, sai dai ɗan bai gaji ƙirar uban ba. Tsakanin ƙarafunansa biyu darduma ɗaya ce ke shiga, ita ma sai an ɗan lanƙwashe gefenta. Manyan taragai ba su iya hawansa, don haka aka yi masa nasa ƙanana, da wani ɗan kan jirgi da ma'aikata suka raɗa wa Tsohuwa, saboda tun tana sabuwa dal take tari. Duk wanda ya tashi a unguwar yana iya kwaikwayon muryarta: tuf, tuf, tuf, kuhum! Sannan a ji marigayin da kansa yana amsawa a ƙarƙashinta, kararan-kas, kararan-kas, a kowace mahaɗar ƙarfe.

Aikinsa ɗaya ne, ya kuma riƙe shi da amana. Auduga ta taso daga ƙauyuka a bayan jakuna, daga baya a manyan motoci, a gurje ta, a ɗaure diloli, shi kuma ya kai su tasha inda 'yan dako ke sauya musu tarago. A kan hanyar dawowa ya ɗauko wa kamfani mai da kayan gyara. Da Allah ya buɗa, ya haifi rassa biyu, ɗaya ya shiga kamfanin matsar man angurya, ɗaya ya leƙa masaƙa. A nan ne aikin Malam Maitama ya samo asali, domin shi ke riƙe da mariƙin ƙarfen da ake ja a ce wa Tsohuwa yau ga inda za ki.

Halin marigayi kuwa, Malam Maitama ya ce a rubuta shi ba ragi. Bai taɓa zuwa inda ba a aike shi ba. Bai taɓa shan gaban kowa ba, bai kuma taɓa ratse hanya ya shiga gonar mutane ba. Awaki sun yi barci a kansa, mata sun shanya tumatir da tattasai a gefensa, bai ce uffan ba. Laifi ɗaya ake tuna masa: wata damina ƙasa ta zame a ƙarƙashinsa, ya kayar da tarago uku na angurya a bayan unguwa. Shanun unguwar suka yi ƙiba irin wadda ba su sake yi ba, kuma har yau ba a sami wanda ya riƙe shi a zuciya ba.

Amma abin da ya sa wannan rashi ya fi ƙarfin a ce ƙarfe ne kawai ya tafi, shi ne muryarsa. A wancan zamani babu waya tsakanin tasha da gidan gurza, tsakaninsu kuma akwai kwana da gidaje, ba a hango juna. Sai ma'aikata suka gano cewa marigayin ba ya riƙe saƙo. In Tsohuwa za ta taso, Malam Maitama ya ɗauki guduma ya buga wa ƙarfen: ƙwan, ƙwan. Can ɗaya ƙarshen Malam Ɗanasabe ya ji, ya buɗe ƙofa, ya mayar da amsa da tasa gudumar: ƙwan, ƙwan, ƙwan. Haka suka yi tun gemunsu na baƙi har ya fara furfura.

To su waɗannan bayin Allah biyu, shekara ɗaya aka haife su, shekarar da fara ta cinye gero. Malam Maitama ya ce shi da damina ya zo duniya, Ɗanasabe kuwa sai da aka yi girbin ɗan abin da farar ta bari. Malam Ɗanasabe ya ce ƙarya ne, ranar sunan Maitama ma yana zaune da kansa a cinyar kakarsa yana kallo. Duk waɗanda za su iya raba gardamar sun riga mu gidan gaskiya. Kowa kuma ya san ƙarami ke takawa ya je gaida babba a gidansa. Saboda haka Maitama bai taɓa taka zauren Ɗanasabe ba, Ɗanasabe bai taɓa taka na Maitama ba. Suna da biki sai dai matansu su je. Muddin ana haɗuwa a wurin aiki, abin bai dami kowa ba.

Daga nan ciwon marigayin ya soma. Auduga ta ja baya, manoma suka koma masara da waken suya. Ɗan abin da ya rage, motoci suka ƙwace dakonsa. Masaƙa ta yi shiru, kamfanin mai ya bi ta, gidan gurza ya daɗe yana numfashi sama-sama kafin shi ma ya rufe ido. Ranar da ta fi yi wa Malam Maitama ciwo ita ce ranar da aka zo ɗaukar Tsohuwa. A bayan tirela aka ɗora ta, ita da ta yi rayuwarta ba ta taɓa roƙon mota komai ba. Ya tsaya a bakin layi yana kallo har ta sha kwana, ya koma gida bai ci tuwon dare ba.

A ranar ne tsofaffin biyu suka yi zamansu na ƙarshe a kan dakalin rumbun kaya. Malam Ɗanasabe ya ce, "To yanzu ƙanena, tunda ba ka da kunya ba za ka zo gaishe ni ba, yaya zan san kana raye?"

Malam Maitama ya ce, "Yaro, gudumarka aka karɓe? Gari na wayewa zan buga. Ka amsa."

"In ka ji shiru fa?"

"In na ji shiru in zo in ɗauki makararka. Zuwa gidan mamaci ai ba gaisuwa ba ce."

Aka tafa a kan haka. Tun daga ranar, damina da rani, Malam Maitama na fitowa daga masallaci, haske na bayyana, sai ya ɗauki guduma ya nufi bakin layi. Ƙwan, ƙwan. Ya dafa ƙarfen ya jira. Ƙwan, ƙwan, ƙwan. Sai ya miƙe ya shiga gida ya ce wa uwargidansa Mero, "Yaron nan ya kwana lafiya, miƙo kunu." Malam Ɗanasabe kuwa yakan gaya wa 'yarsa Lauratu, wadda ke kula da shi, cewa ƙanensa ya aiko da gaisuwa kamar kullum, yaron akwai ladabi. In maganar ta dawo kunnen Maitama sai ya ce ba gaisuwa ba ce, kira ne, babba ya kira ƙarami ya ce na'am.

Shekaru suka tura. Gwiwoyin Maitama suka ƙi, kunnuwan Ɗanasabe suka toshe, idonsa ya yi hazo. 'Ya'ya suka saya musu waya, amma Ɗanasabe ba ya jin ko kiran salla sai an taɓa shi, balle muryar da ke cikin ɗan akwati. Sai ya koma tuɓe takalmi ya ɗora tafin ƙafarsa a kan ƙarfen, saƙon ya shigo masa ta ƙashi. Marigayin a lokacin ciyawa ta rufe shi, tsatsa ta ci shi, ruwan kwata na bi ta ƙarƙashinsa, amma ko sau ɗaya bai ɓatar da gaisuwar tsofaffin nan ba. Su kuwa sun fi shekara goma ba su ga fuskar juna ba, alhali tafiyar da ke tsakaninsu ba ta kai a gama shan rake guda ba.

Marigayin ya rasu ya bar dangi da dama, duk ta wajen rassansa biyu da suka riga shi. Akwai guntun da ke rataye a bishiyar makarantar firamare, wanda ke tara yara da safe, ya kuma gaji muryar gidan sosai. Akwai uwar maƙera a rumfar maƙeran bakin kasuwa, wadda fartanyoyin rabin ƙasar Ɗanja suka fito daga kanta. Akwai gadar kwata ta ƙofar masallacin unguwa, da murhun masu tuyar ƙosai biyu. Ba a tambayi ɗayansu yadda ya bar gida ba, kuma yau ba ranar tambaya ba ce.

Ajali ya zo masa cikin rigar mutunci. Ranar Talata da rana tsaka wasu mutane suka sauka da mota a bayan tsohon kamfanin mai, daidai tsakiyar layin, kusa da wata tsohuwar tsamiya. Suna sanye da riguna masu walƙiya da hular kwano, ɗaya yana ta nuna ƙasa da yatsa yana gyaɗa kai. Nan da nan labari ya zaga unguwa cewa an zo gyaran layi, jirgi zai dawo. Maza suka yi musu sannu da aiki, wani ma ya taya su riƙe tiyon wuta. Mero da kanta ta dama kunun zaƙi ta aika musu a bokiti, har da ƙanƙara. Malam Maitama ya ji daɗi har ya fito da man angurya ya shafe mariƙinsa. Ya so ya je ya gani da idonsa, sai ya tuna hanyar ita ce hanyar gidan Ɗanasabe, kada wani ɗan sa-ido ya ce gaisuwa ya tafi. Ya zauna a gida. Kafin magariba 'yan jari-bola sun loda abin da suka yanka sun yi gaba, har da bokitin.

Da safiyar Laraba Malam Maitama ya fito da gudumarsa ya buga. Ƙarar da ta fito ba irin ta kullum ba ce, gajeriya ce, ƙwas, ta mutu nan kusa. Bai kula ba. Ya dafa ƙarfen ya jira. Shiru. Ya sake bugawa, ya ɗora kunnensa a kai, abin da ya daɗe bai yi ba saboda duƙawa na ba shi wuya. Shiru. Nan tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, ya zauna daɓas a kan tsakuwa, hawaye ya zubo masa a gemu. Shekara da shekaru yana tanadin baƙar maganar da zai faɗa wa Ɗanasabe in sun haɗu, ashe ba za a haɗu ba.

Ya shiga gida ya ce, "Mero, fito mini da farar rigar nan. Ɗanasabe ya cika."

Ta ce, "Innalillahi! Malam, wa ya faɗa maka? Tsaya in kira Lauratu mu ji."

Ya ce, "Ƙarfen nan bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ni na yi alkawarin makara, kada a ɗauke shi ban iso ba."

Tana laluben lambar, shi har ya kai ƙofar masallaci. Liman Abdulmutallib da dattawan unguwa suka bi bayansa suna salati, suka miƙe ta kan layin don ya fi kusa. Mutumin da ba ya iya zuwa bakin titi sai ya huta sau biyu, ranar matasa ne ke ce masa a yi a hankali.

Can ɗaya ƙarshen kuwa, Malam Ɗanasabe ya tsaya da ƙafa a kan ƙarfe har rana ta fara dukan ƙeyarsa. Da ya tabbata ba abin da ke tafe, ya sa takalminsa ya ce, "Lauratu, riƙe mini sanda. Maitama ya riga ni. Ko a nan ma sai da ya yi gaggawa irin ta yara." Ya faɗi haka, amma Lauratu ta ce hularsa a baibai ya sa ta. Maƙwabtansa suka bi shi, su ma suna salati, su ma ta kan layin.

A gindin tsamiya tawagogin jana'izar biyu suka yi kiciɓis. Kowane ɓangare ya zaci ɗayan ya taho tarbarsa ne, har aka fara miƙa hannu ana cewa ya haƙuri. Sai Malam Maitama ya ɗaga kai ya ga mamacinsa tsaye da sanda. Ya ja da baya har ya taka ƙafar liman.

"Kai! Ba ka mutu ba?"

Malam Ɗanasabe bai ji ba. Ya matso, ya ƙanƙance ido, ya kai fuskarsa kusa da ta Maitama, ya shafa gemun, sannan ya juya ga jama'a ya ɗaga murya irin ta kurame: "Wane marar hankali ne ya fito da gawa ba likkafani?"

Dariya ta ɓarke har da masu hawaye a ido. Su biyun ne kawai ba su yi ba. Malam Maitama ya tsaya yana kallon abokinsa. Ƙaton da ke tura ƙofar gidan gurza da hannu ɗaya ya zama ɗan tsurut a cikin riga, wuyansa duk jijiya. Ya ji tausayi, ya ji kunya, ya kuma ji haushin shekarun da suka wuce. Bakinsa ya cika da ina kwana, amma wanda ya fara faɗa shi ne ƙarami. Ɗanasabe ma ya datse nasa. Suka tsaya hannu cikin hannu kamar an dasa su.

Lauratu ce ta duba ƙasa ta ce, "Baba Liman, ku dubi inda kuke tsaye." Aka duba. Babu ƙarfe. Daga gindin tsamiya har bangon kamfani sai sawun layi biyu a cikin ciyawa, da baƙin tabon wuta a bakin abin da ya rage. Mutuwar da aka fito nema tana ƙarƙashin ƙafafun mutane tun ɗazu.

Malam Maitama ya durƙusa ya shafa bakin ƙarfen. Malam Ɗanasabe ya tuɓe takalmi ya lalubo ɗaya bakin da ƙafarsa. Sannan suka ɗago, kuma duk wanda ke wurin ya shaida cewa a tare bakinsu ya buɗe: "Ya haƙuri?"

Nan take gardama ta tashi a kan wa ya riga wa. Liman ya yi gyaran murya ya ce ta'aziyya ba gaisuwar girma ba ce, babu babba babu ƙarami a cikinta, wanda aka yi wa mutuwa kowa zuwa yake wurinsa. Aka tambaye shi to in mutum biyu aka yi wa mutuwa ɗaya fa? Ya ce sai su zauna wuri ɗaya a same su. Lauratu ta kwarara wa mahaifinta fatawar a kunne. Ya ce shi dai ba gidan kowa zai je ba. Malam Maitama ya ce shi ma haka.

Game da jana'iza, ana sanar da jama'a cewa liman ya hana a yi wa ƙarfe salla, ya kuma hana a ce Allah ya jiƙansa. Allah ya ba da haƙuri ya wadatar. Ba za a yi binnewa ba, kasancewar waɗanda suka ɗauki gawar ba su bar adireshi ba. Wanda ya gan su ya gaya musu Mero ta yafe kunun amma ba ta yafe bokitin ba.

Za a yi zaman makoki a gindin tsamiya, a daidai gurbin da aka yanke, inda tabarma ɗaya ta shiga cif. Ana fitowa da hantsi, a tashi kafin azahar. Masu zuwa su taho da goro mai taushi, saboda haƙoran masu karɓar gaisuwa. Kada kowa ya tayar da zancen shekarar fara. An tambayi iyalan ko zaman na kwana uku ne ko na bakwai, Malam Maitama ya ce marigayin dogo ne, makokinsa ba zai yi gajarta ba. A ci gaba da shimfiɗa tabarma kullum har sai an ji sanarwa.

Abu na ƙarshe, Malam Maitama ya ce a rubuta shi da ƙananan baƙaƙe. Duk ranar da hantsi ya dubi ludayi bai ga Ɗanasabe ya ɓullo ta bayan bangon kamfani ba, ba zai zauna jira ba, ba kuma zai aika kowa ba. Zai ɗauki sandarsa ya taka har zauren gidan, ya yi sallama, ya ce ina kwana, duk wanda ya ga dama ya ce shi ne ƙarami. Ya gwada zuwa da farar riga sau ɗaya, bai ji daɗin hanyar ba.

Malam Ɗanasabe yana zaune a gefensa aka faɗi wannan, bai ji ko kalma ɗaya ba. Iyalan mamaci suna roƙon jama'a, don girman Allah, kada a sami mai tsegumin da zai kwarara masa a kunne.